Maɗaurin Kebul da Takardar Mallakar Ƙirƙira: Tambayoyi da Amsoshi

Wane irin kayan aiki ne ake magana a kansa?

Duk wanda ya taɓa leƙa bayan akwatin talabijin ya ga kebul ɗin da ke kawo hoto. Idan aka yanka shi, za a tarar da zaren jan ƙarfe a tsakiya, sai farar roba ta lulluɓe shi, sai saƙar siraran wayoyi, sannan riga ta waje. A bakinsa ake maƙala mahaɗi mai noti mai kusurwa shida, wanda ake murɗawa a jikin dikoda ko marabar layi. Wannan notin shi ne tushen wahala, domin idan an ɗaure shi da yatsu kawai sai ya yi sako-sako hoto ya riƙa yankewa, idan kuma an sa masa sifana da ƙarfi sai bakin na'urar ya karye, ga shi sau da yawa wurin ya yi ƙunci ƙwarai har sifanar ba ta shiga.

A ce wani ma'aikaci ya ƙera ɗan bututun roba wanda cikinsa ke kama notin daidai, ya tsaga gefensa domin a zura shi a kan kebul ɗin da an riga an haɗa, ya kuma sa masa haƙora waɗanda ke sulluɓewa su yi ƙara da zarar ɗauri ya kai yadda ake so. Wannan maɗaurin shi ne misalinmu, kuma dokar Amurka za mu bi wajen auna ko ya cancanci takardar mallakar ƙirƙira, wato takardar da hukuma ke ba mai ƙirƙira domin kare abin da ya ƙirƙira.

Waɗanne sharuɗɗa ne doka ta gindaya?

Manyansu uku ne: abin ya kasance mai amfani, ya kasance sabo, kuma kada ya zama abin da yake a fili ga masu sana'ar. Wanda ya cika su yana samun ikon hana wasu ƙera abin ko sayar da shi har shekara 20 daga ranar da ya shigar da buƙatarsa. Ofishin da ke tantancewa yana auna jimlolin da'awa ne, wato layukan ƙarshen takarda inda mai nema ya shata iyakar abin da yake cewa nasa ne. Kyan abin a hannu ba ya shiga lissafi sai gwargwadon yadda waɗannan jimloli suka kama shi.

Idan abu sabo ne, me ya sa hakan bai wadatar ba?

Domin sabunta abu ce mai sauƙin samu. Ana cewa da'awa ta rasa sabunta ne kawai idan tsohuwar takarda guda ɗaya, ko tsohon kaya guda ɗaya, ya ƙunshi duk abin da aka zayyana a cikinta. Da nan aka tsaya, da wanda ya sauya ƙarfen maɗauri ya mayar da shi roba ya sami ikon rufe wa kowa ƙofa na shekara 20. Kotun Ƙolin Amurka ta fuskanci irin wannan tun a 1851, a shari'ar Hotchkiss da Greenwood, inda aka yi jayayya a kan mariƙin ƙofa na yumɓu ko tangaran a maimakon na itace ko ƙarfe. Kotun ta soke takardar, tana mai ganin cewa sauya abin da aka ƙera kaya da shi aikin maƙeri ne na yau da kullum. A 1952 ne majalisar dokokin ƙasar ta rubuta wannan ƙa'ida a sashe na 103 na dokar.

To, da wane ma'auni ake gane abin da yake a fili?

A 1966, a shari'ar Graham da kamfanin John Deere, wadda ta shafi wani sashe na garma, Kotun Ƙoli ta shimfiɗa hanya. A fara gano abin da fasahar baya, wato abubuwan da aka riga aka sani a fannin, ta ƙunsa, a fito da bambancin da ke tsakaninta da da'awar, a tantance matakin gwanintar ma'aikaci matsakaici a fannin, sannan a dubi shaidun zahiri kamar karɓuwar kaya a kasuwa, daɗewar buƙata ba tare da magani ba, da gazawar waɗanda suka gwada a baya. Wannan ma'aikaci matsakaici mutum ne na ƙaddarawa: ana ɗauka ya san duk abin da aka wallafa a fanninsa kafin ranar shigar da buƙata. A batun maɗauri, mai yiwuwa a siffanta shi da mai zana ƙananan kayan aikin hannu wanda ya san mahaɗan kebul.

Kowane sashe na maɗaurin tsoho ne. Ashe ba a gama magana ba?

Nan ne wurin da ya fi kowane wuri wuya. Mai tantancewa zai iya ɗauko sifanar da makanikai ke kwance bututun birki da ita, wadda bakinta ke da tsaga domin ta ratsa bututun, ya ɗauko murfin tankin mai na mota wanda ke ƙara idan ya ɗauru, ya ce haɗa waɗannan biyu a kan notin kebul abu ne da kowane gwani zai yi. Yana da abin dogaro kuwa. A 2007, a shari'ar KSR da Teleflex, wadda ta shafi haɗa totur na mota mai daidaituwa da na'urar lantarki mai auna matsayinsa, Kotun Ƙoli ta ce idan aka haɗa sanannun abubuwa ta sananniyar hanya, kuma ba su haifar da komai ba sai abin da aka zata, to akwai yiwuwar haɗin a fili yake. Ta ƙara da cewa ba lalle ne sai wata tsohuwar takarda ta faɗa ƙarara cewa a haɗa su ba, domin buƙatar kasuwa da hankali na yau da kullum ma dalilai ne, kuma gwani matsakaici yana da tasa dabarar.

Sai dai wannan hukunci bai ce duk haɗin tsofaffin abubuwa banza ne ba. Kusan duk ƙirƙira haɗi ce ta abubuwan da ake da su, kuma kotun ta nanata cewa dole mai ƙin buƙata ya bayyana dalili mai tushe da zai sa gwani ya haɗa su ta wannan siga. A ganina wannan sharaɗin ne ke kare ƙananan kayan aiki daga zalunci, domin abu mai sauƙin gani kamar kacici-kacici yake: da an faɗi amsa, kowa sai ya ce ai da ma ya sani. Wanda ya riga ya karanta takardar mai ƙirƙira yana iya amfani da ita a matsayin taswira, ya koma baya ya tsinto sassan ɗaya bayan ɗaya, alhali kafin nan ba wanda ya ga hanyar. Idan tsagar gefe tana raunana bututun roba har ya buɗe baki lokacin murɗawa, ya ɓata aikin haƙoran, kuma mai ƙirƙira ya samo fasalin da ya magance wannan, to akwai abin da ya wuce tsince-tsince.

Shin ana iya kawo hujja daga wata sana'a dabam?

Ana iya, idan fannin ɗaya ne ko kuma tsohon abin yana magance matsala irin wadda mai ƙirƙira ya fuskanta. A 2004, a shari'ar Bigio, kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta amince a auna buroshin gashi da buroshin haƙori. Saboda haka murfin tankin mai bai yi nisa ba, tunda shi ma hana wuce gona da iri a ɗauri yake yi.

Da me mai ƙirƙira zai kare kansa?

Hujja mafi ƙarfi ita ce ya nuna cewa gyaran da mai tantancewa ke zato zai lalata tsohon kayan. A shari'ar Gordon ta 1984 an ƙi yarda a ce kifar da matatar fetur abu ne da yake a fili, tunda idan aka kife ta ba za ta yi aikin da aka yi ta dominsa ba. Haka kuma yana iya nuna cewa rubuce-rubucen baya sun yi gargaɗi a guji hanyar da ya bi, ko ya kawo sakamakon gwaji da ya wuce tsammani. Yawan ciniki ma shaida ce, amma sai an tabbatar cewa saboda fasalin da ke cikin da'awar ne ake saye, ba saboda talla ko araha ba. A aikace, yawancin masu nema suna ƙuntata da'awa ne: maimakon su ce duk bututu mai kama noti nasu ne, sai su fayyace siffar tsagar, wurin zaman haƙoran, da yadda sassan ke cuɗanya. Takardar takan fito, amma gonar da ta kewaye ta ragu, kuma abokin gasa yana iya zagaye ta.

Idan an ƙi buƙatar, ko an bayar, shi ke nan?

A'a. Wanda aka ƙi wa yana iya kai kuka gaban hukumar alƙalai ta cikin ofishin, daga nan zuwa kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da aka kafa a 1982. Wanda aka ba ma bai tsira ba, domin dokar 2011 ta buɗe hanyar da wani zai nemi hukumar ta sake duba takardar bisa tsofaffin takardu da wallafe-wallafe, kuma nauyin hujja a can bai kai na kotu ba. Akwai kuma tarkon lokaci da ke kama ma'aikata da yawa: Amurka tana ba mai ƙirƙira shekara 1 bayan ya bayyana abinsa, amma a Turai, wanda ya nuna maɗaurinsa a fili ko ya sayar da shi kafin ya shigar da buƙata, a galibi ya mayar da kayansa fasahar baya da za a ƙi shi da ita.