Ba yawan taya ne ke kashe titi ba

Mutane da yawa idan suka ga doguwar tirela mai taya goma sha takwas, sai su ce ga mai kashe kwalta nan. Tifar yashi kuwa ba a cika zarginta ba, tunda gajera ce. Wannan fahimta ta daɗe, amma akwai gyara a cikinta.

Abin da titi ke ji shi ne nauyin da ke sauka a kan kowane aksil, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin dama da na hagu. Yawan aksil rarraba kaya yake yi. Gajerar tifa da aka danƙara wa yashi fiye da kima tana iya yi wa kwalta ɓarnar da ta wuce ta tirelar da aka yi wa lodi daidai ƙa'ida.

Injiniyoyi sun gwada wannan a jihar Illinois ta Amurka daga 1958 zuwa 1960, inda aka yi ta zagaya manyan motoci a kan titunan gwaji. Sun gano cewa idan aka ninka nauyin aksil sau biyu, ɓarnar takan ninka kusan sau 16. Ke nan ƙarin buhunan da mai kaya ke ganin ba komai ba ne, su ne ke haifar da ramukan da ke cin rayuka.

Shi ya sa dokar da ƙasashen UEMOA, wato ƙungiyar ƙasashen Yammacin Afirka masu amfani da kuɗin CFA, har da Nijar, suka amince da ita a 2005 ta ƙayyade tan 12 ga aksil guda mai tayoyi bibbiyu. A ganina, duk sikelin da bai auna aksil ɗaya-ɗaya ba, rabin aiki ya yi.