Waiwaye: ƙircin yanyawar Bakersfield ba jiya ya faro ba

An yi ta ja-in-ja a jihar Kalifoniya ta Amurka kan kuɗin da za a kashe wa yanyawar kwarin San Joaquin, inda garin Bakersfield yake, wadda ƙirci ke cinyewa. Wasu na cewa a zuba kuɗin a bincike, wasu na cewa ina, a kama marasa lafiyar kawai a yi musu magani, wasu kuma cewa suke duk wannan ɓata kuɗi ne, gara a sayi daji a killace. In ka saurari gardamar sai ka ɗauka a 2013 aka kwana lafiya aka tashi da cuta. To ba haka abin yake ba.

Ita dai dabbar ba wata girma gare ta ba, da ƙyar take wuce kilo 2, ga manyan kunnuwa irin na yanyawarmu ta Sahel, sai ka rantse 'yan gida ɗaya ne. Labarin farko kowa ya sani. Kwarin busasshen wuri ne mai ciyawa da ɓeraye, aka ja masa ruwa aka mayar da shi gonakin auduga da lambuna, ga rijiyoyin mai ga gidaje, daji ya yi ta tsukewa. A 1967 gwamnatin Amurka ta saka ta cikin dabbobin da ke dab da ƙarewa, 1973 aka yi babbar dokar kare irinsu, 1998 aka fitar da tsarin farfaɗo da dabbobin kwarin. Duk hankali yana kan fili, tunda fili ne aka ƙwace mata.

Inda nake so a tsaya shi ne lokacin da yanyawar ta zama 'yar birni, don nan ne ake tsallakewa da gudu. Garin Bakersfield ya yi ta faɗi har ya zagaye ramukansu, su kuma maimakon su gudu sai suka zauna abinsu, suka haƙa rami a gefen magudanan ruwa da filin wasan golf da harabar makarantu, har cikin jami'ar garin, wasu a ƙarƙashin azuzuwan katako. Kuma fa gari ya karɓe su sosai. A daji koyoti, wani ɗan'uwan dila, shi ne babban mai kashe su, a gari kuwa ba shi da yawa. Abinci ga shi nan a bola, ga wanda ake zuba wa kyanwowin unguwa, ga mutanen da ke jefa musu guntun nama don su ɗau hoto (wallahi ba zan ga laifinsu sosai ba, dabbar na da shiga rai). Suka yi ƙiba, suka hayayyafa, suka kai ɗaruruwa a gari ɗaya, har aka fara kallonsu a matsayin ajiya, wato ko na daji sun ragu ga na birni nan.

Abin da ba a auna ba shi ne cunkoso. Yanyawar nan ba ta rabuwa da rami rani da damina, can take fakewa daga zafi da maƙiya, kuma guda ɗaya tana da ramuka da dama da take zagayawa. A daji kowane iyali na da faffaɗan yanki, ba a cika haɗuwa ba. A gari kuwa wuraren da za a iya haƙa rami kaɗan ne, sai wannan ta kwana yau gobe wata ta shigo, kamar gidan haya mai tabarma ɗaya, da daddare kuma duk a haɗu a kwanon abinci guda. Duk wanda ya taɓa ganin yadda kazuwa ke bin ɗakin kwanan yara ya san ƙarshen zancen, kuma ƙwaron ma jinsi ɗaya ne da na kazuwar mutane, Sarcoptes scabiei, ɗan mitsitsi da ke huda fata ya yi ƙwai a ciki. Shekara da shekaru an shimfiɗa wa cuta tabarma, ƙwaron kawai ake jira.

Da ya iso a 2013 bai sha wahala ba. Gashi ya zube, fata ta yi ɓawo ta tsattsage, ido ya liƙe, dabba ta rame ta riƙa fitowa tsakar rana tana tangaɗi, in ba a yi mata magani ba cikin 'yan watanni ta mutu. Masu bincike na jami'o'in jihar da ma'aikatan namun daji suka shiga ɗana tarko, ana kai masu tsanani gidan dabbobi na CALM a yi jinya a sake su, sai ka ga wadda ta warke ta koma rami ta sake kwasowa. Aka gwada saƙala musu abin wuya mai maganin flumethrin irin wanda ake sa wa karnuka, ya ɗan taimaka, amma ƙarfinsa na ƙarewa, kuma wa zai bi kowace yanyawa duk bayan 'yan watanni ya canja mata? Bincike ya nuna ƙwaron na iya yin kwanaki da rai a cikin rami ko babu dabba, saboda sanyi da laimar ciki. A 2019 cutar ta ɓulla a Taft, wani ƙaramin garin da ake haƙar man fetur a yammacin Bakersfield, wanda daji ne ya zagaye shi, kuma dajin nan akwai yanyawa a ciki.

Shi ya sa masu cewa a bar bincike a yi magani kawai ban gane musu ba. Magani a jikin dabba yake tsayawa, ramin da take komawa kuma yana nan yadda yake, kuma gano abin da za a yi wa ramin aiki ne na shekaru, ba na tallafin shekara ɗaya ko biyu da ke ƙarewa ana tsakiyar ƙirga ƙwari ba.