Ɗinka kilt a gida: yadda ake barin ƙugu ya saki ko ya matse

Kilt tufar mazan tsaunukan Sikotilan ce. Tana kai wa gwiwa, bayanta ninki ne jere, gabanta kuma falle biyu ne shimfiɗaɗɗu, ɗaya bisa ɗaya. Ɗaura ta ake yi kamar zane, sai dai maɗaurin fata da ƙarfen bel ke riƙe ta. Ga tambayoyin da mai son ɗinkawa da kansa ya fi cin karo da su.

Wane yadi ake saya, kuma nawa?

Na asali ulu ne mai zanen layuka masu gittawa, wanda ake kira tartan, mai nauyin oza 13 ko 16 a kowane yadi. Kilt cikakke na cin tsawon yadi 8. Idan yadin mai faɗi biyu ne, wato inci 54 zuwa 60, sai a sayi yadi 4, a tsaga shi a tsaye, a haɗa tsagin biyu, a ɓoye haɗin cikin ninkin tsakiyar baya. Na yau da kullum yadi 5 ya ishe shi. Ba a yi wa kilt kalmasa a ƙasa: bakin saƙar yadin ne ke zama gindinsa, don haka a duba bakin tun kafin a biya kuɗi. Mai koyo ya fara da yadin poliyesta da biskos, ya fi araha kuma yana riƙe guga. Atamfa ko auduga mara nauyi ba ta lilo, ninkin ma ba ya zama.

Wane awo ake ɗauka?

Uku ne. Ƙugu a daidai cibiya, a ja tef ɗin ya kama jiki sosai. Mazaunai a inda suka fi faɗi, a sassauta. Sai tsawo daga cibiya zuwa tsakiyar ƙoƙon gwiwa. A kan tsawon ana ƙara inci 2 a sama da layin ƙugu. Kada a ɗauki lambar wando, domin wando ƙasa da cibiya yake zama, kuma wannan kuskure kaɗai ya isa ya sa kilt ya ƙi rufuwa.

Ta yaya ake lissafin ninkin?

Rabin awo na fallen gaba ne, rabi na ninki. A ce ƙugu inci 35, mazaunai 42. Ninki zai rufe inci 17½ a ƙugu, 21 a mazaunai. Idan an yi ninki 28, kowanne zai nuna ¾ na inci a mazaunai, ya tsuke zuwa ⅝ a ƙugu. Idan zanen yadin na maimaita kansa duk inci 7, kuma an ɗora layi iri ɗaya a kan kowane ninki, ninkin zai ci inci 196 daga cikin 288 na yadi 8. Ragowar ta falle biyu ce, da naɗin bakinsu, da zurfafan ninki biyu na gefe.

Ana ɗinke kowane ninki daga sama zuwa mazaunai, kusan kashi ɗaya cikin uku na tsawon, sauran a bar shi a sake. Wannan sashe da aka ɗinke ya mutu ke nan, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa.

To, ina sassaucin ƙugun yake?

A maɗauri da kuma yadda falle ke hawa kan falle. Fallen ciki yana tasowa daga dama ya bi gaba zuwa hagu. Maɗaurinsa ya fita ta wani rami da aka tsaga a gefen hagu a layin ƙugu, ya shiga ƙarfen da ke waje. Fallen sama ya taso daga hagu ya rufe shi, a ɗaure a dama da maɗauri ɗaya ko biyu. Na ƙasan, wanda ke kan kwankwaso, kusan ado ne. Idan aka matse shi sai fallen ya karkace.

A yanka fata mai faɗin inci 1 zuwa 1¼, a huda ramuka 5, tsakanin kowane biyu ¾ na inci. A ɗinka ƙarfen ta yadda awon yau zai faɗa a ramin tsakiya. Hakan ya ba da inci 1½ na saki, 1½ na matsewa.

Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Suna ɗauka idan an saki inci ɗaya a hagu da inci ɗaya a dama an samu inci biyu. Ba haka ba ne. Fallen ciki da ninki zagaye ɗaya ne, fallen sama da ninki wani zagayen ne, kuma duka biyun ƙugu ɗaya suke kewayewa. Saboda haka inci ɗaya aka samu, kuma dole a saki ɓangarorin biyu daidai. Idan aka saki ɗaya kawai, wanda ya fi matsewa shi zai ɗauki nauyin duka, ɗayan fallen ya yi jaka.

Idan mai shi ya yi ƙiba ko ya rame fiye da ramukan fa?

Rama ta fi sauƙi. A dama a warware ƙarfen a mayar da shi baya, kan ninki. A hagu ramin ba ya motsi, don haka maɗaurin ake cirewa a matsar da shi ciki a kan fallen. Inci 2 ko 3 ba za su nuna ba. Fiye da haka fallen sama zai fara cinye ninki, tsakiyar zanen ta bar cibiya.

Ƙiba kuwa tun ranar yanka ake shirya mata. A bar naɗi mai zurfi, inci 3 ko 4, a bakin kowane falle, kada a datse shi. Ranar buƙata a warware a faɗaɗa. Sa dogon maɗauri yana taimakawa, amma fallen ciki zai leƙo ta dama tsakanin gezar bakin fallen sama da ninkin farko. Inci ɗaya ko biyu ba laifi tunda zanen ɗaya ne. Wanda ya san jikinsa na hawa da sauka ya fi masa kada ya tsaga rami a hagu ko kaɗan: ya ɗinka ƙarfen daga ciki, yadda zai iya matsar da shi duk lokacin da ya so.

Ba za a sa roba ko Velcro, maɗaurin nan da ake mannawa a ɓare, a huta ba?

Na yara, sosai ma. A yi Velcro mai tsawon inci 4 zuwa 5 a kwance a layin ƙugu, yaro ya girma da shi. Na babba mai yadi 8 kuwa yana da nauyi, roba za ta gaji ta saki, Velcro kuma yana kama gashin ulu. A kan yadi 5 mara nauyi yana aiki.

Me ke sa kilt ya buɗe bayan 'yan watanni alhali ba a taɓa maɗaurin ba?

Ulu na miƙewa idan ana jan sa. Maganinsa yana ciki inda ido ba ya gani. Bayan an ɗinke ninki, a yanke tarin yadin da ke bayansu a sashen da aka ɗinke don kada ƙugu ya yi tudu, a bi layin mazaunai da ɗinkin hannu a kama ninki da ninki. Sannan a shimfiɗa tsiri na auduga mai ƙarfi wanda ba ya miƙewa, daga ƙarfen hagu zuwa na dama, a ɗora kambas a kai, a rufe da shafi. Ɗinkin ƙarafan da na maɗaurai ya ratsa har cikin tsirin da kambas ɗin, domin su ne za su ɗauki ja. Gam ɗin da ake mannawa a wuyan riga ba zai maye gurbinsu ba, ɓamɓarewa yake yi.

Guga fa?

Kafin guga a kama ninkin da farin zare, ɗinki mai faɗi, layi huɗu ko biyar a kwance. A ɗora ƙyalle mai danshi, a danna dutsen guga a ɗaga, kada a ja shi, sannan a danne wurin da katako har ya huce. A juya a yi ta ciki. Sai yadin ya bushe sarai ake zare farin zaren.