Waiwaye: Yadda Aka Mayar da Baƙar Fata Abin Dariya a Amurka

A wajajen 1830 wani ɗan wasa farar fata a Amurka, Thomas Rice, ya shafe fuskarsa da baƙi, ya sa tsummokara, ya hau dandali yana ɗingishi yana kwaikwayon maganar bayi. Ya raɗa wa wannan hali suna Jim Crow. 'Yan kallo suka dinga shewa, kuɗi suka shigo, wasu suka ga hanyar abinci. A 1843 ƙungiyar Virginia Minstrels ta fara irin wannan wasa a New York, kuma cikin 'yan shekaru ya zama nishaɗin da ya fi farin jini a ƙasar.

Abin da ake nunawa bai canzawa: baƙin mutum malalaci ne, wawa, kullum baki a washe, yana jin daɗin zaman gandun ubangidansa. A tuna fa, a 1860 mutane kusan miliyan 4 ne ke cikin bauta a Amurka. Wanda ya sha dariya da daddare, da safe ba zai ji nauyin ganin ɗan Adam cikin mari ba. A ganina aikin da wasan ya yi ke nan. Frederick Douglass, wanda shi kansa ya gudo daga bauta, ya yi tir da masu wasan a jaridarsa tun 1848. Bayan an soke bauta a 1865, dokokin wariyar da jihohin kudu suka kafa sun gaji sunan nan na Jim Crow.

Da silima ta zo sai aka ƙara wani ƙazafin. Fim ɗin The Birth of a Nation na 1915 ya sa Turawa masu shafaffen baƙi sun fito a matsayin mugaye masu farautar matan Turawa, 'yan Ku Klux Klan, ƙungiyar fararen fata masu ta'addanci kan baƙaƙe, kuma su ne jarumai. An haska shi a fadar White House zamanin shugaba Woodrow Wilson. Ƙungiyar NAACP mai kare haƙƙin baƙar fata ta yi zanga-zanga, amma a yawancin wurare ba a saurare ta ba, kuma a shekarar ce aka farfaɗo da Klan a jihar Georgia.

Mata baƙaƙe kuwa, baiwa ko 'yar aiki ake ba su. Hattie McDaniel ta ci kyautar Oscar a 1940 da fitowa a irin wannan matsayi, amma a wurin bikin an ware mata teburi nesa da abokan aikinta farare. Wannan abin takaici ne ƙwarai.

Cutar ta ƙetare teku. A Ingila, BBC ta yi ta nuna shirin masu shafa baƙi daga 1958 har 1978. A Holland an shafe shekaru ana jayayya kan Zwarte Piet, wanda ake shafa baƙi a fito a matsayinsa a bikin Disamba. A wasu shirye-shiryen barkwanci na ƙasashen Larabawa ma an sha shafa baƙi don a yi wa 'yan Sudan ba'a.

Hoton Aunt Jemima, 'yar aikin da aka ɗauko daga waɗancan wasanni, ya zauna a kan kwalin garin fanke fiye da shekara 100. Masu kamfanin sun daɗe suna jin koke, amma sai a 2020, bayan kisan George Floyd, baƙar fatar da ɗan sanda ya kashe, ya cika tituna da masu zanga-zanga, suka yarda su cire shi.