Wai Me Ake Nufi da "Tallafi"?

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce an cire tallafin mai, kalmar nan ba ta sake samun hutu ba. Ka kunna rediyo da safe a Katsina, sai tallafin taki, tallafin azumi, tallafin rage raɗaɗi. Ɗan siyasa ya raba taliya da atamfa a filin makaranta, mai gabatarwa ya ce tallafi. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne a kira bashi da wannan suna.

Ku tuna shirin Anchor Borrowers da Buhari ya ƙaddamar a Kebbi a 2015 ta hannun Babban Bankin Najeriya. Rance ne ga manoma, ko sunansa ma ya faɗi haka, don "borrowers" na nufin masu cin bashi. Amma a bakin masu shela ya zama "tallafin manoman shinkafa", mutane suka karɓa da zuciyar rabon arzikin ƙasa. Da lokacin biya ya zo, sai aka shiga kallon-kallo.

Bahaushe yana da kalmar nan tun kafin a san wata gwamnati. Mara lafiya ake tallafewa ya tashi zaune, kai ka sa hannu a bayansa, shi kuma ya yunƙura. Akwai kuma ɗan tallafi, yaron da ake ba gwaggo ko kaka ta riƙe. Ba rana ɗaya ake yi ba. Ita za ta ci da shi, ta sa shi makarantar allo, ta tsaya har ranar aurensa, shi kuma ya yi mata aike, ya ɗebo mata ruwa, in ta tsufa ya riƙe ta. Ko'ina ka duba, hannu biyu ne a cikin kalmar. Wanda ya miƙo maka kwalin taliya ya shige mota bai tallafe ka ba, kyauta ya yi maka, in ma ba toshiyar baki ba ce.

Abin da ya fi kusa da wannan ma'ana a aikin hukuma shi ne kuɗin da ake ba ƙungiyoyin karkara, irin wanda aka riƙa bayarwa a shirin noma na Fadama da kuma CSDP, shirin raya al'umma da aka fara a 2009 da kuɗin Bankin Duniya. Ba a mayar da shi, amma yana da sharaɗi. Gari ne zai zauna ya zaɓi abin da yake so, rijiyar burtsatse ko aji biyu ko ɗakin shan magani. A kafa kwamiti, a buɗe asusu a banki, jama'a su kawo nasu kason, wanda a farkon CSDP kashi 10 ne cikin 100, ko da kuɗi ko da yashi da dutse da ƙarfin samari. Kuɗin kuma kashi-kashi ake sakinsu, sai an zo an ga aikin da aka yi da na baya.

Na taɓa ganin wannan a wani ƙauye a ƙasar Daura, inda kawuna yake ma'ajin irin wannan kwamiti. Yana bi gida-gida da littafin makaranta mai bangon da ya sha hannu, yana rubuta naira ɗari biyu-biyu. Wani dattijo ya dube shi daga kan tabarma ya ce, "To Malam, in dai tallafi ne, me ya kawo karo-karo?" Kawu ya ce, "Baba, ranar da famfon ya lalace, wa za mu jira?" Dattijon ya yi shiru, ya kwance bakin aljihu. A ƙauyen da ke gaba da su akwai wani famfon da aka zo aka haƙa musu ba da shawararsu ba, awaki ne ke kwana a gindinsa, kowa na cewa ai na gwamnati ne.

Ban ce tsarin ba ya da ɓaraka ba. Da an ji ƙishin-ƙishin kuɗi na tafe, ƙungiyoyi ke tsirowa cikin dare, shugaba miji, ma'aji mata, sakatare ƙanin miji.

Su kansu kuɗin na Bankin Duniya da ke isa ƙauye a matsayin tallafi, rance ne Najeriya ta ciwo, mai sauƙin ruwa da dogon wa'adi. Wannan ɓangaren ban taɓa jin mai shela ya faɗe shi a wurin bikin buɗe famfo ba.