Wai mene ne famakalca, kuma me mai koyon aiki ke yi a irin wannan lambun?

Tun da na dawo daga wata uku da na yi ina koyon aiki a wani lambun famakalca tambaya ɗaya ake ta jefo min, wai mene ne kuma famakalca, sabon iri ne ko taki ne ko sunan kamfani ne? Wani ma cewa ya yi shi ai ya ɗauka maganin feshi ne. Toh bari in warware abun yanda na fahimce shi, don ni ma sai da na tura baro na kusan sati biyu kafin kalmar ta fara zama a kaina.

Kalmar dai ta Turanci ce, permaculture, an ɗauko kalmomi biyu ne aka haɗe su, ɗaya tana nufin abu mai ɗorewa ɗaya kuma tana nufin noma, wato noma mai ɗorewa kenan. Daga baya masu abun suka faɗaɗa ma'anar suka ce ai har da tsarin zaman mutane, don gona ba ta ɗorewa in mutanen da ke kanta suna watsewa. Mutum biyu ne suka ƙirƙiro ta a tsibirin Tasmaniya na ƙasar Ostireliya, Bill Mollison wanda yake koyarwa a jami'a a lokacin, da David Holmgren wanda ɗalibi ne matashi, sun haɗu a 1974 suka yi ta tattaunawa da gwaji har suka fitar da littafinsu Permaculture One a 1978. Shi Mollison kafin ya shiga jami'a ya yi kamun kifi, ya yi shekaru yana aikin binciken dabbobi a cikin daji, kuma daga can tambayar ta taso masa: daji ba mai yi masa huɗa, ba mai zuba masa taki ko feshi, amma kullum yana ba da itace da 'ya'ya da inuwa, toh me ya hana a tsara gona ta riƙa aiki kamar daji? An ba shi lambar yabo ta Right Livelihood a 1981, ya rasu a 2016.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne su ɗauka famakalca kawai noma ne ba takin zamani ba feshi. Eh, akasari ba sa amfani da su, amma kana iya daina feshi gaba ɗaya kuma lambunka bai zama famakalca ba. Zuciyar abun ita ce tsari, wato ina ka ajiye wannan, ina ka ajiye wancan, kuma me wannan zai yi wa wancan. Ranar farko da mai kula da lambun ta zagaya da ni ba ta nuna min iri ko ɗaya ba, akurkin kaji ta nuna min ta ce in faɗa mata abun da kaza ke buƙata da abun da take bayarwa. Na ce abinci da ruwa, tana ba da ƙwai da nama. Ta yi dariya ta ce saura, kaza tana tono, tana cin ƙwari da tsutsa, tana kashi, jikinta yana fitar da ɗumi, gashinta ma taki ne. In ka rufe ta a inda tonon nan ba shi da amfani ya zama ɓarna, kashin ya zama ƙazanta da sai ka kwashe. In ka sa ta a keji marar ƙasa wanda ake ja daga wannan fangali zuwa wancan bayan an cire amfani, ita za ta tone maka ciyawa ta cinye ƙwayayen ƙwari ta zuba taki, kai kuma aikinka kawai ka ja kejin gaba. Kaza ɗaya ce, wurin da aka sa ta ne ya bambanta. Wallahi a nan na gane kalmar fiye da duk abun da na karanta.

Haka suke raba fili shiyya-shiyya daga 0 zuwa 5, bisa yawan zuwan da kake yi wurin. Gida shi ne 0. Abun da kake tsinka kullum kamar ganyen miya da kayan ƙamshi yana bakin ƙofa, shiyya ta 1, don in ka kai shi can ƙarshen fili ranar da ake ruwa ba za ka je ba, zai mutu ba ka sani ba. Kaji da ƙananan bishiyoyin 'ya'ya suna ta 2, babban amfanin gona a ta 3, itacen girki da kiwo a ta 4, ta 5 kuma ba a taɓa ta sam, ana barin ta daji ne kawai ka je ka zauna ka kalli yanda abubuwa ke tafiya da kansu. Abu ne mai sauƙi har kana jin kunyar a ce sai an koya maka, amma je ka duba lambuna nawa ne aka tsara su haka.

Suna da ginshiƙai uku da suke maimaitawa, kula da ƙasa, kula da mutane, da raba rara cikin adalci, sai kuma ƙa'idoji 12 da Holmgren ya jera a littafinsa na 2002. Ba zan lissafo su ba, ta farkon dai ita ce ka lura kafin ka taɓa, har wasu na cewa ka yi shekara guda kana kallon fili, ka ga inda ruwa ke bi, inda iska ke kaɗowa, inda inuwa ke faɗuwa a kowane lokaci, kafin ka kafa wani abu da ba ya ciruwa.

Maganar ruwa ita ce ta fi cin ƙarfina. Akwai wani rami mai tsawo da suke tonawa a gicciye da gangare, kuma dole ƙasansa ya zama daidai wa daida daga wannan baki zuwa wancan, don ba a so ruwan ya gudu, so ake ya tsaya ya nutse a hankali, ƙasar da aka tono a tara ta a gefen ƙasa a shuka bishiyoyi a kai. Abun awon ma ba wani inji ba ne, sanduna uku aka ɗaure kamar harafin A, aka rataya igiya da dutse daga sama, in igiyar ta faɗa kan alamar tsakiya toh ƙafafun biyu suna daidai, ka kafa turke ka juya ƙafa ɗaya gaba. Na yi gaggawa rannan na tsallake awo biyu don rana ta yi zafi, ruwan farko da aka yi duk ya taru a gefe ɗaya ya fasa bakin ramin ya wanke mana shukar da muka yi jiya-jiya. Ba wanda ya min faɗa, shebur kawai aka miƙo min. Irin wannan aikin ne Geoff Lawton, ɗalibin Mollison, ya yi a Jodan kusa da Tekun Gishiri, a ƙasa mai gishiri da ƙarancin ruwa, har bishiyoyi suka kama, kuma bidiyon wurin ne ya jawo mutane da yawa cikin harkar.

Sai takin ruɓa, wanda shi ne aikin da ake fara ɗora wa duk sabon zuwa. Ana tara tsibi mai kamar mita ɗaya tsawo da faɗi da bisa, busasshen abu kamar ciyawa da ganye da kwali a jera da ɗanyen abu kamar kashin dabbobi da ɓawon kayan girki, a jiƙa shi yanda in ka matse a hannu ɗigo ɗaya ko biyu ne zai fito. In haɗin ya yi daidai cikin kwana huɗu cikinsa zai ɗau zafi har digiri 55 zuwa 65, ka cusa hannu sai ka zaro da sauri, da safe kana juyawa tururi na tashi kamar an buɗe tukunya. Daga nan ana juya shi duk bayan kwana biyu, kusan kwana 18 ya zama baƙar ƙasa mai ƙamshin daji. In ɗanyen ya yi yawa hancinka ne zai fara gaya maka, wari kamar na fitsari, in busasshen ya yi yawa kuma tsibin zai zauna lakadan ba zafi ba komai.

Toh ina maganar al'umma ta shigo? Da yawa daga lambunan da ke ɗaukar masu koyon aiki suna cikin irin ƙauyukan nan ne da mutane suka kafa da niyya, wato ba dangi ba ne, ba a nan aka haife su ba, ra'ayi ne ya haɗa su suka samu fili suka ce za su zauna tare su raba aiki da kayan aiki, wasu har da kuɗi. Findhorn a Sikotlan ta faro a 1962 da mutum uku manya a wani filin ajiye gidajen tirela. Twin Oaks a jihar Bajiniya ta Amurka tun 1967 take, su kuɗin shigarsu ma a haɗe yake, kowa yana da awannin aikin da zai cika a sati kuma wanke-wanke da rainon yara duk ana ƙirga su a matsayin aiki. Auroville a kudancin Indiya an kafa ta a 1968 a kan jar ƙasa da zaizaya ta cinye, yau daji ne a wurin. Crystal Waters kuma a jihar Kwinslan ta Ostireliya ita tun daga zane da famakalca aka tsara ta, ta samu lambar yabo ta World Habitat a 1996. Ba dukkansu ne suka fara da sunan famakalca ba, wasu ma sun girmi kalmar, amma abun ya zo ya dace da su don suna da fili, suna da hannaye, kuma suna son ci daga abun da suka noma.

Shi mai koyon aiki yarjejeniyarsa a mafi yawan wurare ita ce ƙarfinka a musanya da abinci da wurin kwana da ilimi. Tsarin ya yi kama da na WWOOF, wani shiri na haɗa masu aikin sa kai da gonaki, da wata ma'aikaciyar ofis Sue Coppard ta fara a Ingila a 1971, inda ake aikin awa huɗu zuwa shida a rana. Wasu wuraren ba ka biya ba a biyan ka, wasu suna ba da ɗan abun kashewa, wasu kuma kai ne ma za ka biya, musamman in an haɗa da kwas ɗin zanen tsarin famakalca na awa 72 wanda ake ba da satifiket a ƙarshensa, yawanci cikin sati biyu.

Kuma gaskiya lambun shi ne ɓangare mai sauƙi. Tumatir ba ya jayayya. Abun da ya fi gajiyar da ni shi ne mitin, don da yawansu ba sa ƙuri'ar rinjaye, sai kowa ya yarda ko aƙalla ba wanda ya tsaya kai da fata ya ce a'a, toh na taɓa zama awa biyu cur a da'ira ana maganar ko a bar karen wani baƙo ya shiga wajen kaji, kowa sai ya faɗi yanda yake ji a ransa, ni kuma bayana na ciwo ga aikin ban ruwa na jira na. Zo mu zauna zo mu saɓa, ko a ina ne. Wanda bai wanke tukunya ba, wanda ya bar ƙofar lambu a buɗe, wanda yake ganin ya fi kowa aiki, duk suna nan. Kai kuma matsayinka wani iri ne, kana cin abinci da su kana aiki da su amma ba ka da murya in an zo yanke hukunci, don kowa ya san nan da wata uku ka tafi wani ya zo.

Akwai suka da ake yi wa harkar kuma ina ganin wasu suna da gaskiya. Na ɗaya, binciken kimiyya a kan tsarin gaba ɗayansa bai kai yawan surutun da ake yi ba, duk da cewa ɗaiɗaikun dabarun kamar lulluɓe ƙasa da ciyawa da haɗa bishiya da amfanin gona an gwada su sosai. Na biyu, yawancin dabarun tsofaffi ne, haɗa masara da wake da kabewa a rami guda alal misali, 'yan asalin nahiyar Amurka sun yi ɗaruruwan shekaru suna yi, masara ta zama sandar hawan wake, wake ya ƙara wa ƙasa ƙarfi, ganyen kabewa ya rufe ƙasa ya hana ciyawa, don haka abun haushi ne ka ga wanda ya gama kwas ɗin sati biyu yana magana kamar shi ya gano. Sannan akwai wuraren da in ka duba da kyau kuɗin kwas ne ke riƙe da su, abun da lambun ke bayarwa ba zai ciyar da mazauna wurin ba ko na wata ɗaya. Ramin ruwan nan ma da ake ta yayi, in ka tona shi a gangare mai tsayi sosai ko a ƙasar laka da dama ruwa ya yi mata yawa, kana iya jawo zaftarewar ƙasa, wanda ya kwaikwayo shi daga hoto ba tare da ya lura da filinsa ba ya karya ƙa'idar farko kenan.

Shi ya sa in wani ya ce min zai je, nakan ce ya tambaye su tun kafin ya ɗaure jaka: awa nawa a rana, kwana nawa a sati, wa zai riƙa koyar da ni kuma sau nawa za mu zauna, ina zan kwana, in na ji ciwo wa ke da alhaki, in kuma wata ƙasa ce wace irin biza ake buƙata don wasu ƙasashen suna ɗaukar aiki a bakin abinci a matsayin aiki sosai. Ka nemi su haɗa ka da wanda ya yi kafin kai. In suka fara kame-kame a kan tambayar wa zai koyar da kai, toh lebura kyauta suke nema.

Ni dai inda na je an koyar da ni, duk ranar Alhamis da yamma muna zama da takarda da fensir kowa ya zana wani ɓangare na filin ya kare dalilinsa. Nawa zanen na ƙarshe na matsar da tsibin taki ne daga bayan rumbun kaya zuwa tsakanin kicin da akurkin kaji, don na ƙirga sau shida nake wannan zirga-zirgar a rana da bokiti. Sun amince, amma sai da aka yi mitin biyu a kai.