Kifin Shak da Cinikin Fikafikansa

Akwai wani aiki da ake yi a tsakiyar teku, nesa da idon hukuma, wanda ya kamata duk mai sana'ar su da duk mai cin kifi ya san da shi. Wasu masunta sukan kamo kifin shak, wato kifin teku mai kaifin haƙora da ke farautar wasu kifaye, su janyo shi cikin jirgi, su yanke fiffiken bayansa da na gefensa biyu da ƙasan jelarsa, sannan su tura sauran jikin cikin ruwa, sau da yawa da ransa. Kifin da aka yi wa haka ba ya iya iyo, sai ya nutse har ƙasan teku, inda jini zai ƙare masa, ko wasu kifaye su cinye shi, ko kuma numfashi ya gagare shi, domin wasu nau'o'insa ba sa samun iska sai suna tafiya ruwa yana ratsa ramukan numfashinsu. Ba don komai ake zubar da gangar jikin ba sai don fikafikan sun fi naman tsada nesa ba kusa ba, ga su ba sa cin wuri idan an shanya su sun bushe, ta yadda jirgi ɗaya yake iya ɗaukar fikafikan kifaye masu ɗimbin yawa a wurin da gangar jikin kaɗan daga cikinsu za ta cika.

Fikafikan suna ƙarewa ne a cikin wata miya da ake sha a bukukuwan aure da manyan liyafa a ƙasar Sin da wasu sassan gabashin Asiya, inda kawo ta gaban baƙo yake nuna wadata da girmamawa. Abin takaici shi ne, fiffiken da kansa ba shi da wani ɗanɗano, romon kaza ko na nama da ake dafa shi a ciki ne yake ba miyar daɗi. Birnin Hong Kong ya daɗe yana zaman babbar cibiyar wannan ciniki, amma ba adalci ba ne a ɗora laifin a kan al'umma ɗaya, domin ƙasashen da suka fi kamun kifin shak sun haɗa da Indonesiya da Sifaniya da Indiya da Meziko da Amurka. A cikin ƙasar Sin ɗin ma an samu masu kishi irin su Yao Ming, shahararren ɗan wasan ƙwallon kwando, wanda ya yi shekaru yana kiran jama'a da su bar shan miyar, kuma a 2013 gwamnatin ƙasar ta hana kawo ta a liyafar hukuma.

Abin da ya sa wannan kisa ya fi ƙarfin kifin shak yana cikin yadda yake hayayyafa, kuma nan ne mutane da yawa ba su fahimta ba. Yawancin kifayen da aka saba ci suna balaga da wuri, mace ɗaya kuma tana zuba ƙwai dubbai ko ma miliyoyi, saboda haka ko an yi musu kamu mai yawa sukan farfaɗo idan aka ba su ɗan lokaci. Shak ba haka yake ba. Nau'o'insa da yawa sai sun shekara goma ko fiye kafin su isa haihuwa, da yawansu kuma ba sa yin ƙwai, ciki suke ɗauka su haifi 'ya'ya kaɗan, sannan wasu sukan huta shekara ɗaya ko biyu kafin su sake ɗaukar wani. Akwai wani ƙaramin nau'i mai ƙaya a gaban fiffiken baya wanda cikinsa yake kaiwa kusan shekara biyu. Shak ɗin da ke zaune a ruwan sanyi na yankin Girinlan ya fi ban mamaki, domin wani bincike da aka wallafa a 2016 ya ƙiyasta cewa yana iya rayuwa kusan shekara 400, macen kuma ba ta fara haihuwa sai ta kai wajen shekara 150. Mai kashe irin wannan dabba ba ƙaƙƙautawa kamar makiyayi ne da ke yanka 'yan maruƙa da shanu masu ciki, yana sa ran garkensa zai ci gaba da yawa.

Alƙaluma sun nuna inda aka kwana. Wani bincike na 2013 ya ƙiyasta cewa ana kashe kimanin kifin shak miliyan 100 a kowace shekara. Wani kuma da ya fito a mujallar Nature a 2021 ya gano cewa yawan shak da danginsa masu faffaɗan jiki da ke zaune a buɗaɗɗen teku ya ragu da kashi 71 cikin 100 tun daga 1970, kuma a 2021 ɗin ƙungiyar IUCN, wadda ke tattara jerin halittun da ke cikin haɗari, ta bayyana cewa kusan kashi ɗaya bisa uku na wannan dangi na fuskantar barazanar ƙarewa. Halitta ce da ta shafe fiye da shekara miliyan 400 a teku, amma a cikin rabin ƙarni ɗan Adam ya kai ta wannan hali.

Mai karatu yana iya cewa, mene ne abin tausayi ga dabbar da ke cin mutane? Tsoron da fina-finai suka dasa a zukata ne ya sa ba a cika jin kukan masu kare shak ba, alhali gaskiyar lamarin ta sha bamban. Akwai nau'o'in shak fiye da 500, daga ƙarami wanda bai wuce santimita 20 ba har zuwa mafi girman kifi a duniya, mai ɗigo-ɗigon fari a jiki, wanda tsawonsa ke wuce mita 12 amma ƙananan halittun ruwa kawai yake tacewa ya ci. Kaɗan ne ƙwarai daga cikinsu aka san suna yi wa mutum mummunan rauni. Cibiyar da ke ajiye bayanan cizon shak a gidan tarihin halittu na Florida da ke Amurka takan ƙidaya kimanin cizo 70 a shekara a duk duniya, waɗanda suka faru ba tare da an tsokani kifin ba, masu rasa rai kuma yawanci ba sa wuce goma. Ba a raina ran mutum ko ɗaya, amma mutum ba abincin shak ba ne, kuma sau da yawa cizo ɗaya yake yi ya saki, domin da baki yake gwada abin da bai gane ba. Yana da ƙananan ramuka a kewayen hancinsa da ke jin ɗan ƙarfin lantarkin da jikin dabba ke fitarwa, yana da jin wari mai kaifi, ƙashinsa kuma duk guringuntsi ne. Yana da sanin hanya na ban mamaki: an taɓa bibiyar wata babbar farar shak daga Afirka ta Kudu zuwa Ostareliya ta komo, tafiyar kimanin kilomita 20,000 cikin wata tara, an kuma tabbatar a tsibirin Bimini na Bahamas cewa wasu matan sukan koma inda aka haife su domin su haihu.

Amfaninsa ga teku ba ƙarami ba ne. Manyan nau'o'insa suna rage marasa lafiya da raunana a cikin kifaye, kasancewarsu a wuri ma kaɗai tana sauya halin sauran dabbobi. A gaɓar yammacin Ostareliya masu bincike sun lura cewa tsoron shak mai zanen damisa yana hana kunkurun teku da wata dabba dangin ayu tsayawa wuri ɗaya su cinye ciyawar ƙarƙashin ruwa ƙarƙaf, wannan ciyawa kuwa a cikinta ƙananan kifaye ke girma.

An yi dokoki, kuma sun yi amfani. Amurka ta haramta yanke fikafikai a teku a 2000, Tarayyar Turai ta bi sahu a 2003, sannan a 2013 ta toshe kafar da ake bi ta hanyar wajabta cewa a kawo kifin gaɓa da fikafikansa a jikinsa. Wannan ƙa'ida ita ce mafi sauƙin aiwatarwa, domin jami'in da ke tashar jiragen ruwa zai iya ƙirga kifin, ya kuma gane nau'insa. Ƙasar Palau, mai tsibirai a tekun Pasifik, ta hana kamun shak na kasuwanci a duk ruwanta a 2009, Kanada ta hana shigo da fikafikai da fitar da su a 2019, Birtaniya ta yi haka a 2023, taron CITES, wato yarjejeniyar ƙasashe kan cinikin halittun da ke cikin haɗarin ƙarewa, da aka yi a Panama a 2022 kuma ya sanya gomman nau'o'in da aka fi cinikin fikafikansu ƙarƙashin sa ido. Sai dai wajibi ne a faɗi gaskiya: hana yanke fiffike bai hana kisa ba. Wani bincike da mujallar Science ta wallafa a 2024 ya nuna cewa yawan shak da ake kashewa bai ragu ba tsakanin 2012 da 2019, ƙaruwa ma ya ɗan yi, saboda kasuwar namansa ta buɗe a ƙasashe irin su Barazil, ga kuma man hantarsa da ake sawa a wasu kayan kwalliya. A ganina, kariya ta gaskiya ita ce a ƙayyade yawan abin da za a kama, a hana taɓa nau'o'in da ke dab da ƙarewa, a kuma tsare wuraren haihuwarsu a bakin gaɓa.

Ta fuskar lafiya ma akwai gargaɗi. Da yake shak yana daɗewa a duniya yana cin wasu kifaye, sinadarin makuri, wanda aka sani da zaiba, yana taruwa a jikinsa, kuma wannan sinadari yana illa ga ƙwaƙwalwar jaririn da ke ciki da ta ƙananan yara. Shi ya sa hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka take shawartar mata masu juna biyu da masu shayarwa da yara su guji namansa. Maganar da ake yaɗawa cewa shak ba ya kamuwa da ciwon daji, don haka guringuntsinsa magani ne, ba gaskiya ba ce, domin an samu ƙari a jikinsa, gwajin da aka yi a kan marasa lafiya kuma bai nuna wani amfani ba.

Masuntan da ke amfani da doguwar igiya mai dubban ƙugiyoyi, waɗanda shak ke faɗa musu ba da niyya ba, za su rage ɓarna idan suka ɗaura ƙugiya da zaren roba a maimakon waya, domin kifin zai iya tsinke shi ya tsira, idan kuma ya kamu da rai a yanke zaren dab da ƙugiya tun yana cikin ruwa. Mai sayen kifi ya tambayi sunan abin da ake sayar masa, saboda a wurare da yawa akan ɓoye naman shak a ƙarƙashin wani suna, mai sayen kayan shafawa kuma ya nemi waɗanda aka yi da man tsirrai. Mai shiga teku ya guji iyo shi kaɗai, ko da asuba da magariba, ko a cikin gurɓataccen ruwa, ko kusa da inda ake su da zubar da kayan cikin kifi, idan kuma ya hango shak ya fice a natse yana kallonsa, ba tare da fantsama ruwa ba.